Tsohon Tebur da Shirun Mai Saye

Ran nan editan wannan mujalla ya tare ni a bakin ɗakin karatu, ya ce lalle in kawo masa wani abu kafin a kai aiki maɗaba'a. Na ce masa to, zan yi rubutu a kan tebur. Ya ce ai kowa ma a kan tebur yake rubutu. Na ce a'a, teburin shi ne abin maganar. Ya dube ni kamar wanda zazzaɓi ya taɓa, amma da yake yana da shafukan da bai cika ba, sai ya ce in kawo.

Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan ka je sayen wani abu, kai ka san darajarsa, mai shi kuwa bai sani ba, wajibi ne ka faɗa masa, ko kuwa ka ja bakinka ka biya abin da aka daidaita ka ɗauki kayanka? Wannan tambaya ta same ni ne a kan wani tsohon teburin rubutu a ƙasar Ingila, kuma tun yanzu gara in gaya wa mai karatu cewa ban fito daga cikinta salin-alin ba.

A tsakiyar shekarun 1990 aka tura ni ƙaro ilmi a wani gari da ke arewacin Ingila. Na kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa wadda mijinta ya rasu, 'yarta guda ɗaya kuma tana aure a wani gari mai nisa. Mu biyu ne 'yan haya, ni da wani ɗan Gana. A tsakaninmu Iya muke ce mata, ran da ta tambayi ma'anar sunan muka faɗa mata, sai ta ce ta karɓa. Ɗakina gado ne da kujera da wani ɗan tebur mai rawa, wanda in ka ɗora masa littafi uku sai ya soma gyangyaɗi. Wata biyu ina rubutu a kan cinya, har bayana ya fara ƙorafi. Sabon tebur ya fi ƙarfin alawus ɗina, saboda haka abokin zamana ya nuna mini hanyar ɗakin gwanjo, inda ake baje kayan gidajen mamata da na masu ƙaura kowa ya zo ya duba kafin ranar ciniki. Shiga kyauta ne, ga kuma ɗumi a lokacin da sanyi ke yanka kunne. Na je neman tebur, sai wurin ya zama mini wajen hira kowace Asabar.

A can na fahimci cewa Turawa sun kasa tsofaffin kaya gida biyu. Akwai wanda ya cika shekara 100, shi suke kira antik. Akwai kuma wanda ya kwana biyu amma bai kai ɗari ba, kamar teburan ofis na shekarun 1950 da 1960, wannan bari mu kira shi na jiya. Iyakar nan ta shekara ɗari ma daga wajen 'yan kwastan ta yi ƙarfi. Dokar harajin Amurka ta 1930 ta yafe haraji ga kayan da aka ƙera kafin 1830, sa'an nan a 1966 aka mai da ita kowane abu da ya cika shekara 100 a ranar shigowarsa. Ashe har tsufa ma sai da mai karɓar haraji ya yanka masa iyaka.

Akwai wani dattijon kafinta da ke gyara wa masu gwanjon kaya. Da ya ga wannan baƙon ba ya fashi kuma ba ya sayen komai, sai ya ja ni a jiki, ya shiga koya mini yadda ake zaɓen tebur. Darasinsa na farko shi ne kada in kula da fuska, domin fuska ita ce wurin da mayaudari ke kashe ƙarfinsa. Ya ce in zaro aljihun tebur gaba ɗaya in kife shi. A kusurwar aljihu akwai haɗin katako mai haƙora da suke kira wutsiyar kurciya. In hannu ya yanka su, za ka ga ba su zama ɗaya ba, wani ya ɗan fi wani faɗi, har da siririn layin da kafinta ya ja da wuƙa don ya san inda zai tsaya. In kuwa inji ne, sai su jeru daidai wa daida kamar haƙoran matsefi. Sa'an nan a dubi allon gindin aljihun. Kafin wajen 1770 kafintocin Ingila sukan shimfiɗa shi jijiyar katakon ta tashi daga gaba zuwa baya, bayan nan suka koma shimfiɗa shi daga gefe zuwa gefe. A shafa bayan tebur, inda ba a goge ba. Zarton hannu yana barin sawu a miƙe, zarton inji mai kewaya kuwa sawunsa a lanƙwashe yake, shi kuma bai yaɗu ba sai cikin ƙarni na 19. Ƙusa mai murɗi ma tana ba da shaida, domin kafin wajen 1850 ba ta da tsini, tsagar kanta kuma ba ta cika faɗawa tsakiya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda katako kansa ke riƙe lissafin shekaru. Katako yana tsukewa ta faɗinsa, ba ya tsukewa ta tsawonsa, saboda haka tsohon allo yakan ɗan janye daga ramin da aka zura shi, ya bar 'yar tazara ko tsaga. Cikin tebur inda iska ke shiga yakan yi duhu da kansa, inda aljihu ya rufe kuma ya zauna da haske. In ka ga launin ciki ya zama bai ɗaya ko'ina, to wani ne ya shafa masa rini. Ramin ɗan ƙwaron da ke cin katako yana shiga ne ya karkace, na mai yaudara da ya huda da ƙusa kuwa a miƙe yake. Mariƙan tagulla sau da yawa an sauya su, in ka leƙa cikin aljihu sai ka ga tsofaffin hudoji da aka toshe. Akwai ma wata dabara da su kansu 'yan sana'ar suke kira aure, watau a ɗauko saman wani tebur a ɗora wa gindin wani, a sayar da su a matsayin abu guda. Dattijon ya ce yawancin irin wannan aure, auren dole ne, kuma ana gane shi ta baya, inda allunan sama da na ƙasa ba su yi kama ba. Bayan duk wannan, ya ce, sai ka jawo kujera ka zauna, domin teburin da gwiwarka ba ta shiga ƙarƙashinsa ba, ko murfinsa ya yi wa takardunka kaɗan, kayan kallo ne ka saya.

Game da irin katakon kuwa, wanda suka fi daraja shi ne mahogani, ɗan'uwan madacinmu. A 1721 majalisar Ingila ta cire harajin katakon da ke zuwa daga yankunan da take mulka a nahiyar Amurka, sai mahogani ya fara kwararowa daga tsibirin Jamaika, bayi kuma su ne masu sararsa. Wannan wani bashi ne dabam da ke kan teburan, ba shi ne na yau ba.

To, mai karatu zai lura cewa duk wannan ilmi garkuwa ce ta mai saye. Kowane littafin da na duba a kan sana'ar, da kowace shawarar da na ji, suna ɗauka cewa mai sayarwa shi ne kura, mai saye kuma ɗan akuya. Ba laifi, domin kurayen suna nan. A 2025 wata kotu a Faransa ta hukunta wani shahararren masanin kayan ƙarni na 18 tare da wani gwanin sassaƙa, saboda sun ƙera kujerun jabu waɗanda har gidan tarihi na fadar Basai ya saya. Babu mai gardama cewa wannan zamba ce. Amma ba wanda ya koya mini abin da zan yi ran da ni ne mai sani, mai kaya kuma shi ne ke cikin duhu.

Wannan rana kuwa dole ta zo, saboda kuɗin tsohon tebur ba a jikin katakon yake ba. Ɗan akwatin rubutun da Tomas Jafasan ya tsara takardar 'yancin Amurka a kansa a 1776 bai fi a rungume shi a hammata ba, yau kuwa yana gidan tarihi a Washinton ana layin kallonsa. Shi Jafasan ɗin da kansa, da zai kyautar da shi a 1825, ya liƙa masa 'yar takarda yana hasashen cewa siyasa ma tana da camfe-camfenta, kuma wata rana za su ba wannan akwati wata darajar da tunani ne kawai ya ƙirƙira. A 2015 an ba gidan tarihin Chals Dikins da ke Landan fiye da fam 780,000 don ya sayi tebur da kujerar marubucin. In da za a cire sunan, kafinta ba zai taya su da kashi ɗaya cikin ɗari na wannan kuɗi ba. Watau abin da ake saye da sayarwa a wannan kasuwa shi ne sani: wa ya yi, yaushe, wa ya zauna a kai. Wanda ya san wannan ya riƙe kusan dukkan farashin a cikin kansa, wanda bai sani ba kuma katako kurum yake riƙe da shi, ko da a gidansa abin yake.

A gidan Iya, a lungun da ke ƙarƙashin matakala, akwai wani tebur irin mai murfi a karkace, wanda ake saukewa ya zama wurin rubutu, da aljihu huɗu a ƙasa, da 'yan ramukan ajiye wasiƙu a ciki. A kansa ake zuba mabuɗai da takardun kuɗin wuta. Wata shida ina wuce shi ban ɗaga ido ba. Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Sai wani dare na sauko shan ruwa, darasin dattijo yana kaina, na tsaya na zaro aljihu ɗaya na kife shi a ƙarƙashin fitila. Haƙoran hannu ne, ga layin wuƙa, ga allon gindi daga gefe zuwa gefe ya tsuke ya bar tazara, fuska kuma mahogani. Na mai da aljihun a hankali don kada ya yi ƙara. Wannan mayarwa a hankali, daga baya na yi ta tunaninta. Irinsa na gani an buga a gwanjo tsakanin fam 700 da 900.

Ba a yi wata biyu ba Iya ta faɗi a banɗaki, 'yarta ta zo aka yanke shawarar a sayar da gidan, ita kuma ta koma gidan kula da tsofaffi. Aka kira wani mai kwashe kayan gida ya yi wa komai kuɗi a tsaitsaye, ya sa wa teburin fam 40. Da yamma muna shan shayi sai Iya ta ce, "Ɗana, kai da kake zuwa wurin nan kowace Asabar, nawa kake ganin teburin nan zai yi? Na kakan mijina ne. Na san kana neman na rubutu, in kana so ka ba ni abin da ka ga ya dace." Na kurɓi shayi, na ce, "Iya, ni zan iya ba ki fam 100." Ta riƙe baki, ta ce ya yi yawa, kada in cuci kaina. Na ce ba komai. Ta yi ta sa mini albarka irin tasu.

A dubi amsar nan da kyau. Ta tambaye ni nawa teburin zai yi, na amsa mata da nawa zan iya biya. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, fam 100 kuwa shi ne iyakar ƙarfina. Na daɗe ina jingina da wannan, kuma da na shiga karance-karance sai na tarar ina da lauyoyi manya.

Tun shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisaro na Rum ya kawo misalin wani falke da ya ɗauko hatsi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodas ana cikin yunwa, ya kuwa san akwai jiragen hatsi da yawa a bayansa. Ya faɗa, farashi ya karye, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Ya ce wani malami, Dayojinis na Babila, yana ganin ɓoyewa dabam, shiru dabam, kuma ba kowane abin da zai amfane ka in ka ji ne ya zama dole in gaya maka ba. Almajirinsa Antifata ya ƙi wannan, Sisaro ma ya bi bayan almajirin, amma ni a lokacin Dayojinis na riƙe. Sai shari'ar nan ta Amurka. A watan Fabrairu na 1815 wani ɗan kasuwa a birnin Niyu Olins ya riga jama'a jin cewa an yi sulhu tsakanin Amurka da Ingila, watau za a buɗe teku, taba za ta yi tsada. Ya yi sammako ya sayi ganga 111 ta taba a tsohon farashi. Da magana ta kai Kotun Ƙoli a 1817, babban alƙali Jon Mashal ya ce ba dole ne mai saye ya bayyana labarin da ya samu ba. A 1978 wani malamin shari'a, Antoni Kuronman, ya ba wannan hukunci dalili. Ya ce sanin da mutum ya kashe lokaci da dukiya ya nema, in aka tilasta masa ba da shi kyauta, to gobe ba wanda zai wahala ya nema, kowa kuma ya yi hasara. Bahaushe ya riga shi faɗa, wanda ya ci zomo ya ci gudu. Ni ma ai na ci gudu, Asabar nawa na kashe ina kife aljihun tebur?

Har a kwanan baya kotuna ba su sauka daga kan wannan ba. A 2021 wasu tsofaffi mata da miji a Faransa suka sayar wa wani dillalin tsofaffin kaya wata fuskar katako ta mutanen Fang na ƙasar Gabon a kan yuro 150. A 2022 aka buga ta a gwanjo a kan yuro miliyan 4.2. Suka kai ƙara, a ƙarshen 2023 kotu ta kore su, ta ce sakacinsu ne da ba su bincika ba kafin su sayar.

Ga shi dai hujja kan hujja, amma duk sa'ad da na zauna a gaban teburin nan sai in ji ba su ƙosar da ni ba. Na ɗauki lokaci kafin in gane inda suka yoye, kuma wuri biyu ne.

Na farko, ta tambaye ni. A shari'ar tabar nan ma, wakilin mai sayarwa ya tambayi mai saye ko akwai wani labari da zai ɗaga farashi, kuma Jon Mashal bai sallami mai saye haka nan ba. Ya ƙara da cewa kowane ɓangare ya kiyayi faɗa ko aikata abin da zai ruɗi ɗayan, ya mai da shari'ar ƙasa a sake dubawa. Wannan rabin hukuncin ne na riƙa tsallakewa. Shiru a kasuwa, inda kowa ya san kowa na neman nasa, ba ya cewa komai. Shiru bayan an tambaye ka kuwa magana ne. Da na ce fam 100, abin da ya shiga kunnen Iya shi ne, masani ya duba ya ce teburin bai wuce haka ba, har ma ya yi mini alheri. Na san haka za ta ji, don ta ji hakan ne ma na zaɓi kalmomin. Na shiga ban ɗauka ba, ai ba ta fid da ɓarawo.

Na biyu, sanin nan iri biyu ne, ni na cakuɗa su don in ji daɗi. Sanin yadda ake gane tsohon tebur, wannan gumina ne. Amma sanin cewa wannan teburin na musamman tsoho ne, ban same shi a kasuwa ba. Na same shi ne da tsakar dare a cikin gidan matar da ta ba ni mabuɗin ƙofarta. Ba don ta amince da ni ba, da hannuna bai kai ga aljihun ba. Zomon da na ci, a cikin garkar mai shi na kama shi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wannan, kuma kunya ce a ce sai da na zaga Rum da Amurka kafin in tuna karatun zaure. A mazhabar Malikiyya, sanannen zance shi ne ciniki ciniki ne, wanda aka yi wa tsada ko araha ba ya warware shi don wannan kaɗai. Amma sun ware mutumin da ya miƙa wuya, ya ce da abokin cinikinsa ni ban san farashi ba, ka yi mini yadda ake yi wa mutane. Shi suke kira mustarsil, kuma in aka cuce shi yana da ikon ta da ciniki. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, ya kawo a cikin Tuhfa sharuɗɗa uku ga mai ƙarar an ci ƙwalarsa a farashi: ya kasance bai san abin da ya yi ba, hasarar ta kai sulusi ko fiye, kuma kada shekara ta wuce. An kuma hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su ji farashi. Ni kuwa me na yi in ba tarbar teburin nan a ƙarƙashin matakala ba, kafin ya isa ɗakin gwanjo? Ana ba da labarin sahabi Jarir ɗan Abdullahi, wanda aka yi masa cinikin doki dirhami 300, ya ce da mai dokin dokinka ya fi haka, ya yi ta ƙara wa kansa kuɗi har 800. Zuciya ta taɓa raɗa mini cewa ai Iya ba Musulma ba ce. Ban bar wannan raɗa ta kwana ba, domin amana ba ta tambayar addinin mai ita.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk tsintar guru a suɗi haramun ce. In na shiga shagon dillalin da wannan ce sana'arsa, ya rataya wa tebur farashi da hannunsa, na ga abin da bai gani ba, zan biya in fita ban ce uffan ba, in yi barci har da minshari. Shi ya fito fagen ne da idonsa, ni da nawa, gobe kuma shi zai kayar da ni. In aka ce sai kowane mai saye ya zama malamin mai sayarwa, kasuwar ma ba za ta ci ba, tsofaffin teburan da masu ido ke tsamowa kuma da sun ƙare a murhu. Abin da ya raba dillali da Iya shi ne, shi bai jingina da ni ba, ita kuwa ta jingina.

Akwai hujja ɗaya da ta fi sauran taurin kai, wani abokina malamin tattalin arziki ya taɓa ɗaure ni da ita. Ya ce ba don kai ba, da fam 40 za ta samu, ka ba ta 100, ina cutar? Kowa ya ƙaru. Na yi kwanaki ban sami amsa ba. Daga baya na ga cewa ya auna ni ne da mai kwashe kaya, alhali ba mu biyu kaɗai ne a duniya ba. Akwai hanya ta uku wadda ba ta fi numfashi ɗaya ba: Iya, teburin nan tsoho ne ƙwarai, a kira masu gwanjo su gani, kyauta suke dubawa, ni ƙarfina fam 100 ne. Daga nan zaɓi ya koma hannunta. Mai yiwuwa ta kai shi gwanjo ta sami abin biyan wani ɓangare na kuɗin gidan tsofaffi, wanda 'yarta ke ta lissafinsa a bayan ambulan. Mai yiwuwa kuma, yadda na san halinta, ta ce ɗauki abinka a haka. Da ta faɗi haka, da ita ce mai kyauta ni mai godiya. Yadda na shirya abin, ni na tafi da tebur, na kuma tafi da godiyar.

Na san da wuya ɗayanmu ya sami kansa yana cinikin mahogani. Amma mu ɗaliban harshe da adabi, kowace shekara muna fita da rikoda da littafin rubutu zuwa wurin mutanen da ke riƙe da abin da ba su san kuɗinsa a wajenmu ba. Tsohuwa ta rera maka waƙoƙin niƙa, ka ba ta goro, ka dawo ka sami digiri. Magadan wani malami su buɗe maka gafaka cike da takardun ajami, su ce, "Malam, kai da ka yi boko, waɗannan suna da wani amfani kuwa?" Tambayar Iya ke nan da bakin Hausa, kuma amsa irin tawa, wadda babu ƙarya a cikinta, tana nan kusa da harshe.

A kan teburin nan na rubuta kundina tun daga shafin farko har na ƙarshe, kuma gaskiya ban taɓa zama a gaban wanda ya fi shi daɗi ba. Da lokacin dawowa gida ya yi, kuɗin jirgin ruwa ya fi ƙarfina, sai na kira wani dillali. Ya zaro aljihu ya kife, kamar yadda na yi, ya kwantar da teburin ya nuna mini cewa ƙafafun an sauya su, mariƙan ma ba na asali ba ne. Ya ce na wajen 1780 ne, ya ba ni fam 450. Na ware fam 200 na sa a ambulan da niyyar in kai wa Iya in gaya mata komai. Motar zuwa gidan tsofaffin sau biyu ake canzawa, ga gyaran kundi, ga haɗa kaya. Ambulan ta ƙare a kantin littattafai da wurin awon kaya a filin jirgin sama. Tun daga farkon shekarun 2000 kasuwar irin waɗannan tebura ta yi ta faɗuwa a Ingila, har na taɓa kama kaina ina lissafin cewa bashin ma ya ragu.

Bayan shekara uku da dawowata, watau wa'adin Ibn Asim ya wuce har sau uku, na rubuta wa Iya wasiƙa. Ban ambaci tebur ba, na ce sai na ji tana nan tukuna. 'Yarta ce ta amsa. Ta ce mahaifiyarta ta rasu a hunturun da ya wuce, ba ta sha wahala ba. Ta ce har kusa da ƙarshe takan ba ma'aikatan gidan labarin wani ɗan hayarta daga Nijeriya, wanda aka yi wa tebur kuɗi fam 40 ya ƙi, ya ce sai dai ya biya 100.